Dogon Hutu: Lesin, Kwamfutar Hannu ko Littattafai?

Tambaya: Ina da yara biyu a firamare, ɗaya a aji biyu ɗaya a aji huɗu, kuma duk sanda aka koma makaranta bayan dogon hutu sai malamansu su yi kuka cewa sun manta karatu. Kuɗin da zan iya warewa na abu ɗaya ne kacal: ko in sa su lesin, ko in saya musu kwamfutar hannu mai manhajojin karatu, ko in sayi littattafai. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, kukan malaman nan yana da tushe. A shekarar 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a makarantun Amurka, suka gano cewa yaro yakan koma baya da kimanin karatun wata guda a lokacin dogon hutu, kuma asarar ta fi tsanani a lissafi da rubuta kalmomi daidai, domin abubuwa ne da ba sa zama a ka sai da maimaitawa. Wasu masana na baya-bayan nan suna ganin asarar ba ta kai haka ba, to amma ke kin riga kin ga alamarta a kan 'ya'yanki.

Shawarata ita ce ki sayi littattafai, kuma ki tafi da yaran su zaɓa da kansu. A wani bincike da Richard Allington da Anne McGill-Franzen suka wallafa a 2010, an bai wa yaran gidajen marasa ƙarfi a jihar Fulorida ta Amurka littattafai 12 da suka zaɓa da hannunsu a ƙarshen kowace shekarar karatu har shekara uku, sai karatunsu ya zarce na takwarorinsu da ba a ba su ba. Sai dai son littafi bai isa ba, dole ne ya dace da matakin yaron. Kafin ki biya, ki buɗe shafi ɗaya daga tsakiya ki sa shi ya karanta a fili, ki riƙa naɗe yatsa ɗaya duk lokacin da ya cije a kan wata kalma. Idan yatsunki biyar suka ƙare kafin ya kai ƙarshen shafin, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. A gida kuma ki tambaye shi abin da ya faru a labarin da abin da yake tsammanin zai biyo baya, saboda yaro yana iya bin baƙaƙe da ido alhali hankalinsa yana wani wuri.

Lissafi ne ya fi buƙatar kulawarki, kuma ba ya buƙatar ki sayi sabon abu. Littafin da suka gama a bara, da littafin rubutu da fensir, sun wadatar. Minti goma sha biyar kowace rana ya fi awa biyu a rana ɗaya a mako amfani: ƙaramin ya yi tarawa da ɗebewa, babban ya yi ninkawa da rabawa, sannan ki yi musu shiftar kalmomi kaɗan daga abin da suka karanta.

Kwamfutar hannu ita ce ta ƙarshe a lissafina. Akwai manhajoji masu kyau, amma idan babu babba a kusa, wasa ne yake cinye lokacin.

Tambaya: Makarantar ɗana ta shirya lesin na hutu, kuma ina da halin biya. Yaya zan gane ko ya cancanci kuɗin?

Amsa: Malam, ka je da kanka ka tambayi yara nawa ne a aji, kuma ko ƙwararren malami ne zai koyar ko kuwa wanda aka ɗauko don ya tsare su har a tashi. Ka kuma duba abin da za a koyar, domin lesin da ke gaggawar shiga darussan aji na gaba, alhali yaro bai riƙe na baya ba, ƙara masa ruɗani kawai zai yi. Binciken da RAND, wata cibiyar bincike ta Amurka, ta fitar a 2016 kan shirye-shiryen hutu a wasu biranen Amurka biyar ya nuna cewa yaran da suka halarta aƙalla kwana 20 su ne suka fi samun ci gaba a lissafi. Saboda haka idan kun shirya tafiyar da za ta sa yaron ya yi ta fashi, gara ka bar lesin ɗin ka bi tsarin gida da na bayyana a amsar farko. Idan kuwa zai halarta, ka zaɓi na safe wanda bai wuce awa uku ba, ka bar masa yammacinsa ya yi wasa.