Caja ce ke cinye mana wuta, ko fanka da firji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yunit ɗin mitarmu yana ƙarewa tun wata bai ƙare ba, maigida kuwa yana ɗora laifin a kan wayoyi da kwamfutar da yara ke yawan jonawa. Ta yaya zan gane abin da kowace na'ura take ci?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Lissafin ba shi da wuya, matuƙar an riƙe abu biyu: ƙarfin na'ura da tsawon lokacin da take kunne. Ƙarfin ana auna shi da wat, kuma za ki same shi a ƙaramin tambarin da ke bayan na'ura ko ƙasanta, lamba ce da harafin W a gefenta. Idan bolt da amfiya kawai aka rubuta, wato V da A, sai ki ninka su, abin da ya fito shi ne wat ɗin a kimance. Yunit ɗaya kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Saboda haka ki ninka wat da awannin aiki, ki raba da 1,000, sannan ki ninka da kuɗin yunit ɗaya kamar yadda yake a rasit ɗinku.

Mu fara da wayar da ake zargi. Batir mai 5,000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, yana ɗaukar kimanin wat-awa 19 (wat-awa 1,000 ne yunit ɗaya), idan aka haɗa da abin da ke salwanta a zafin caja, a ce 25. Ko kullum ana cika shi daga sifili, a shekara bai wuce yunit 9 da ɗan wani abu ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200 kuwa, idan ta yi awa 8 tana aiki ba hutawa, ta lashe yunit 9.6, wato a dare guda ta ci abin da waya ke ci a shekara. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai caja wat 65 ba ta wuce kimanin rabin yunit a awa 8. A ganina yaran nan sun cancanci a wanke su.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne tsakanin dutsen guga da fanka. Dutsen guga mai wat 1,000 lambarsa ce ke tsoratarwa, amma idan rabin awa ake guga da shi sau uku a mako, a wata yunit 6 ne ko 7. Fankar sama mai wat 75, wadda ba mai kallonta, idan tana juyawa awa 10 kullum, a kwana 30 ta ci yunit 22.5, kuma da wuya a ce fanka ɗaya ce a gida.

Firji shi ne lissafin tambari ba ya kamawa daidai, domin injinsa tashi yake yi ya tsaya, gwargwadon zafin ɗaki, yawan buɗe ƙofa da lafiyar robar da ke bakin ƙofar. Idan yana da takardar da ke nuna kWh na shekara, wato yunit ɗin da yake ci a shekara, ki raba da 12 ki sami na wata. Abin da ya fi tabbas shi ne a tambayi mitar kanta. Ki duba fuskarta, akwai wata ƙaramar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙyaftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. Ki kashe komai, ki bar na'ura ɗaya, ki ƙirga ƙyaftawar minti guda. A irin wannan mita, ƙyaftawa 10 a minti ita ce 600 a awa, wato na'urar tana jan wat 600 a lokacin. Firji dai minti guda bai ishe shi ba, sai ki bar shi kaɗai na wasu awanni, ki rubuta yunit ɗin farko da na ƙarshe. Idan kuma kin kashe komai fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa, to akwai inda wuta ke bi, a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya bi layin.