Me Ya Sa Maƙwabtanmu Suka Samu Kwalta, Mu Ba Mu Samu Magudanar Ruwa Ba?

Tambaya: Ni sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa ne a Birnin Kebbi. Damina uku ke nan muna kai takardar neman magudanar ruwa shiru, alhali maƙwabtanmu sun nemi kwalta an shimfiɗa musu. Da wane ma'auni hukuma take zaɓa?

Amsa: Malam Sakatare, ba zan ce maka siyasa da sanayya ba sa tasiri ba, amma ka fara duba ofishin da takardarku take sauka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma titunan cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara, ita kuwa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ya sa a babban birnin jiha aikin yakan rabu tsakanin ƙaramar hukuma, hukumar raya birane da ma'aikatar ayyuka. Takardar da ta faɗa inda ba huruminta ba takan kwana a fayil, ba a amince ba, ba a ƙi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda unguwanni suke ɗaukar junansu kishiyoyi a kan maganar ruwa. Titi ana iya shimfiɗa guntunsa a tsaya, amma magudana sai an san inda ruwanta zai zube, don haka injiniyan da ya san aikinsa yakan fara daga gangare, wajen fadama, ya hauro. Idan aka gina muku ku kaɗai, ruwan da yake cika zaurukanku a watan Agusta zai koma ɗakunan mutanen da ke ƙasa da ku, su ma su tashi da tasu takardar. Jami'in da ya hango wannan rigima yakan gwammace aikin da ba ya jawo ƙorafi, musamman idan akwai gidajen da suka hau hanyar ruwa, waɗanda rushe su zai iya jawo maganar diyya.

Shawarata ita ce ku zauna da unguwannin da ruwanku yake bi, ku rubuta takarda guda da sa hannun masu unguwanni da hakimi, ku haɗa da hotunan shatar da ruwa ya bari a jikin katangu. Ku ba kansila da ɗan majalisarku na jiha kwafi, ku kuma kai ta tun damina ba ta ɗauke ba, domin ma'aikatu suna tsara ayyukansu ne kafin gwamna ya gabatar da kasafin kuɗi ga majalisa a ƙarshen shekara.