Hukuncin hayar gida mai daɓen katako: wa ke biyan ɓarna, kuma yaya ake tsarkake shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gidan haya mai sauƙin kuɗi a wata unguwa da ke wajen gari, daɓensa na katako ne. Mai gidan ya ce in ajiye kuɗi a wurinsa, zai cire idan daɓen ya lalace. Shin hakan ya halatta? Kuma ina da ƙananan yara, yaya zan tsarkake katakon daga fitsari tunda ruwa na ɓata shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, hayar ta inganta matuƙar an san gidan, an san kuɗin, an kuma yanke muddar zama.

Gidan haya amana ne a hannun ɗan haya, shi kuwa amintacce ba ya biyan ramuwa sai in ya yi ganganci ko sakaci. Dushewar sheƙin katako saboda yawan taku, ko sauya launi inda rana ke bugawa, wannan yana kan mai gida, domin amfanin da ya karɓi kuɗi a kansa ke nan. Amma wanda ya bar buta tana ɗiga har katako ya sha ruwa ya kumbura, ko ya ja gadon ƙarfe ya karce daɓen, shi zai gyara. Kuɗin ajiyar halal ne, saboda hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Sai dai kuɗin naka ne har ranar da za ka tashi. Ba a cire komai sai gwargwadon ɓarnar da ta tabbata. Abin yana damuna ƙwarai yadda wasu masu gidaje ke riƙe shi duka a kan ɗan tabo, alhali Allah Ya hana cin dukiyar mutane da ɓarna a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Don haka ku zagaya gidan tare kafin ka tare, ku ɗauki hoton kowane tsagi da tabo, ku rubuta.

Batun tsarki kuwa, ba a ɗora maka malale ɗaki da ruwa ba. Ka tsane fitsarin da tsumma tun bai shige tsakanin allunan ba, ka zuba ruwa mai tsarki daidai wanda zai rinjayi wurin, sannan ka goge nan take. Idan launi da wari sun gushe, wurin ya tsarkaka. Salla a kan katako babu laifi: Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi (SAW) ya yi salla a kan mumbarinsa, wanda na itace ne.

Abu guda da ba ka tambaya ba: ka duba nisan masallaci kafin ka sa hannu. A mazhabar Malikiyya, Juma'a tana wajaba a kan wanda ke cikin tazarar mil 3 daga inda ake kiranta.

Allah ne Mafi sani.