Tambaya da Amsa: Haɗa Kwalkwalin Fim Daga Sassan da Firinta 3D Ta Buga

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sassa takwas na kwalkwali irin na finafinan sararin samaniya, waɗanda aka buga da robar PLA. Na manne su, na fesa fenti ruwan azurfa, sai layukan bugun suka fito raɗau, har suka fi da muni. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi azarɓaɓi. Fenti mai ƙyalli ba ya rufa asiri, tonawa yake yi. Firinta tana jera robar ne hawa-hawa, kaurin kowane hawa kamar milimita 0.2, shi ya sa in ka ja farce a jiki za ka ji ƙarar-ƙarar. Sai an kashe wannan kaushin kafin a yi maganar launi.

Sa takunkumi, ka ɗauki samfefa mai lamba 120 ka bi jikin duka, tana cire fentin da ka fesa tana cin tudun layukan. Daga nan ka koma 220. Da hannu za ka yi, a hankali. PLA tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 60, don haka injin goge-goge zai narkar da ita ne, ta dunƙule ta toshe samfefar. Wuraren haɗi kuwa ka cike su da filar masu gyaran jikin mota. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin da ta haɗu da maganin daskarewarta, 'yan mintoci ne ta sandare.

Sai firama, wato fentin share fage da ake fesawa kafin launi, mai kauri, ruwan toka, wadda ake yi don cike ƙananan ramuka. Riƙe gwangwanin nesa da jiki kamar santimita 25, ka yi feshi mara nauyi sau biyu ko uku. In ta bushe, jiƙa samfefa 400 da ruwa ka goge har robar ta fara leƙowa a kan tudu, firamar ta rage a cikin kwari. Kashe fitilar ɗaki ka haska tocila daga gefe: duk layin da ya rage zai yi inuwa. Za ka maimaita feshi da guga sau biyu, wani lokaci uku. A nan yawancin mutane suke gajiya, kuma a nan ake gane aikin gwani. Kada wani ya ce maka tururin asiton, sinadarin goge fentin farce, zai taƙaita wahala. Wata robar bugu mai suna ABS yake narkarwa ta yi sulɓi, ba PLA ba.

In kamannin ƙarfe kake so, fesa baƙin fenti mai sheƙi, ka ba shi aƙalla awa 24, sannan ka murza garin girafait, wato sinadarin bakin fensir, da auduga. Nan take zai ɗauki hasken ƙarfe. Sai dai fentin kariya da ake fesawa daga ƙarshe yana dusashe shi, saboda haka gwada a kan wani guntu tukuna.

Tambaya: Da sufa gulu na haɗa nawa. Ranar farko da na saka, ya tsage ta bayan kunne. In ƙara gam ɗin ne?

Amsa: A'a, Malama, ƙari ba zai yi magani ba. Sufa gulu yana kamawa da sauri amma ba ya jure lanƙwasa, ga shi kwalkwali sai ya ɗan buɗe duk lokacin da kai zai shiga. Kankare tsohon gam ɗin, ki karce bakin sassan da samfefa, ki ɗaure su da tef ki tabbatar sun zauna daidai. Ɗiga sufa gulu wuri biyu ko uku don riƙo kawai. Ainihin ƙarfin daga ciki zai zo: kwaɓa gam ɗin ifoksi mai ruwa biyu, ki shimfiɗa ƙyallen faiba mai faɗin santimita 3 a tsawon haɗin, ki jiƙe shi sharkaf. Inda robar ke da kauri, huda ɓangarorin biyu ki cusa guntun ƙarfe mai kaurin milimita 2. Kuma kada ki bar shi cikin mota a rufe da rana, zai karkace.

Tambaya: Na haɗa fararen ƙwayayen LED na kwalkwalina da batir mai bolt 9, suka yi walƙiya sau ɗaya suka mutu. Da na sa wasu, hasken ya riƙa ratsowa ta jikin robar.

Amsa: Farin LED bolt 3 ko sama da haka kaɗan yake buƙata, da wuta kamar miliamfiya 20. Ragowar bolt 6 ɗin sai resista, wato 'yar na'urar rage ƙarfin wuta, ta shanye, in ba haka ba ƙwan ya ƙone. Raba 6 da 0.02 (miliamfiya 20 ke nan a ma'aunin amfiya), ya ba ka om 300, wato ƙarfin resistar, sai ka sa mai 330 ga kowane ƙwai. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce ta ɓangaren tarawa (+). Ratsowar haske kuwa, cikin bugun ba a cike yake ba, saƙar zuma ce. Shafa baƙin fenti sau biyu ta ciki, ko ka liƙa tef ɗin alminiyam, amma ka rufe wayoyin da kyau kada su taɓa shi.