Ɗana ya riƙe bulalar babansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Inna. Ni uwa ce a unguwar Hausare, Garwa. Ɗana na fari shekararsa 16. Tun da ya faɗi jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ya ce shi da boko har abada. Yanzu abokinsa ke ba shi babur yana kilando, wato ɗaukar fasinja, da yamma, ba ya shigowa sai sha ɗayan dare. Babansa ya faɗi ɗaya, ya mayar da biyu. Ran Juma'a uban ya ɗauko bulala, yaron ya riƙe ta, suka yi cirko-cirko ƙannensa na kallo. Na kusa yi masa baki. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Bakin nan ki riƙe shi. In ranki ya ɓaci, “Allah ya shirye ka” ta ishe ki.

Bulala kam zamaninta ya wuce a kan wannan yaro. Ko a makaranta dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana duka, balle saurayin da ke tallabe babur da fasinja biyu a baya. Ki lallaɓi maigidan, a ɗaki, ya daina yi masa faɗa gaban ƙannensa. Abin da yaron ke karewa shi ne girmansa a idonsu, kuma a kan wannan zai iya ja da kowa.

Ga abin da nake zargi. Ɗan fari ne, kuma mun san al'adarmu: ba kya kiran sunansa, ba kya zama hira da shi, kunya ta hana. Uba kuwa sai umarni. To wa ya taɓa tambayarsa yadda ya ji ranar da sakamako ya fito babu sunansa? Yaro ya sha kunya a makaranta, ya hau babur ya ga sefa a aljihunsa, manya na ce masa “direba”, ya dawo gida ana aikensa sayen magi. Dole a ji ƙara. Ki ajiye kunyar na dare ɗaya, ki kai masa tuwo da kanki, ki zauna, ki yi shiru ya yi magana. In hakan ya gagara, kawunsa ya ja shi shan shayi.

Dokokin gida a rage su zuwa uku. Salla, lokacin shigowa, da ladabin harshe ga uba. Askinsa da wandonsa ku kau da kai. Lokacin shigowar ma a yanke shi tare da shi, kuma a ɗora masa wani nauyi daga kuɗin babur, ko da gawayin gida ne. BEPC ana sake ta baɗi. In ya ƙi, a kai shi garejin gyaran babura.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kai, tiramol. Ƙwayar ta yi yawa a tsakanin 'yan babur a Garwa da Marwa. Ki lura ko yana yawan soshe-soshe da gumi, ko ya daina cin abinci, ko yana gyangyaɗi da rana. In aka sha da yawa tana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Kin ga ɗaya daga ciki, ko fankon ƙwaya a aljihunsa wajen wanki, to a je asibiti, domin wanda ya saba ba a yanke masa ita lokaci guda sai da likita.