Tambayarku, amsarmu: wai Don Williams shi ke rubuta waƙoƙinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direba ne, Gusau zuwa Talata Mafara nika yi. Mahaifinmu Allah shi jiƙan shi ya bar mani kaset ukku na Don Williams, su munka taso muna ji cikin fijo tashi duk da shi ba turanci yaka ji ba. To ran nan a tasha gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokin aiki, ni na ce mutumen nan shi ka rubuta waƙoƙinai, shi ko ya ce ƙarya ta, ba shi da ko guda, sayowa yakai. Har anka ce wanda ya faɗi shi ka sayen shayi. Dan Allah a raba mu.
Daga wani direba, Gusau

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Maganar shayi kam sai dai kowa ya biya nasa, don kai ba ka ci ba shi ma bai ci ba, amma ka ɗan fi shi kusa da gaskiya ta wani gefen.

Bari in faro maka daga tushe. An haifi Don Williams a 1939 a wani ƙaramin gari Floydada cikin jihar Teksas ta Amurka, mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne ba da kantiri, wato salon kiɗan karkarar Amurka da aka san shi da shi, ya fara ba. A 1964 shi da wasu mutum biyu, Lofton Kline da wata mata Susan Taylor, suka kafa ƙungiya mai suna Pozo-Seco Singers a garin Corpus Christi, kuma waƙar gargajiyar turawa suke yi, irin wadda ba ta son tarkace, jita ce ta katako da muryoyi biyu ko uku da labari, shi kenan. Sun yi suna daidai gwargwado, kamfanin Columbia ya ɗauke su, waƙarsu Time ta zaga a 1966, har manajan shahararren mawaƙin nan na Amurka Bob Dylan wato Albert Grossman shi ya riƙe su. Wajen 1970 ƙungiyar ta watse, mutumin ya koma gida yana sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa. Eh, mai muryar nan da Baba ke ji, ya taɓa zama ɗan tsaron shago.

Da ya koma Nashbil, garin da ke cibiyar kiɗan kantiri, ba a matsayin mawaƙi aka ɗauke shi ba, marubuci aka ɗauke shi a kamfanin Jack Clement, aikinsa ya rubuta waƙa a kai wa wasu su rera. To nan ne abokinka ya sha ƙasa. The Shelter of Your Eyes da ke kan faifansa na farko na 1973 shi ya rubuta, Lay Down Beside Me tasa ce, Love Me Over Again tasa ce kuma ta kai lamba ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, Till the Rivers All Run Dry shi da Wayland Holyfield suka haɗa hannu, har Eric Clapton na Ingila ya ɗauki wata tasa We're All the Way ya rera a 1977.

Amma kai ma kar ka yi saurin murna, don in ka duba waɗanda aka fi sawa a motocin haya da teburan mai shayi a nan wajenmu, galibi ba shi ya rubuta ba. You're My Best Friend da Some Broken Hearts Never Mend na Holyfield ne, Amanda da Good Ole Boys Like Me na Bob McDill ne, Tulsa Time kuma mai kaɗa masa jita Danny Flowers ne ya rubuta, I Believe in You ta 1980 Roger Cook da Sam Hogin. Kuma ba sayowa yake ba kamar yadda ake sayen buhun gero a kasuwar Shinkafi a tafi da shi, sunan marubucin na nan kan faifan kuma kuɗinsa na shigo masa muddin ana sa waƙar.

Ni dai a ganina, kuma wannan ra'ayina ne, babbar baiwar mutumin nan kunne ce da haƙuri. Ya san waƙar da ta dace da bakinsa, in ba ta dace ba ko waye ya rubuta ba zai taɓa ta ba, shi ya sa kake jin kamar duk mutum ɗaya ne ya rubuta su. Sannan lokacin da ya shigo, a Nashbil ana cika waƙa da goge da amshi da kayan kiɗa rututu, shi da mai haɗa masa sauti Allen Reynolds sai suka rage komai, ganga a hankali kamar ana tafiya da raƙumi, jita, sai murya a ƙasa ƙasa ba ihu. Wancan zaman da ya yi a waƙar gargajiya ne ya biyo shi. Ina jin shi ya sa irin su Baba suka riƙe shi ba tare da sun ji turancin ba, mu da muka saba da kukuma da gurmi, mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya yana ba ka labari, ai ba baƙon abu muka ji ba. Ni kaina wani tela ne a unguwarmu ya fara jiyar da ni, keken ɗinki na tafiya kaset na tafiya, har yau in na ji Amanda warin sabon yadi nake ji.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Wai Don Williams yana da rai har yanzu? Kuma ya taɓa zuwa Afirka? Maigidana ne ke son sani.
Daga wata uwargida, Ƙaura Namoda

AMSA: Lafiya lau Hajiya, a gaida maigida. Ya rasu ranar 8 ga Satumba 2017 a garin Mobile na jihar Alabama yana da shekara 78, shekara ɗaya bayan ya ajiye waƙa. Ya bar waƙoƙi 17 da suka kai lamba ɗaya a jerin kantiri na Amurka, kuma a 2010 aka sa shi cikin zauren girmamawa na mawaƙan kantiri. Afirka kam ya zo, ya yi wasa a Harare ta Zimbabwe a 1997, an ma ɗauki wasan a bidiyo.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne, ina rubuta waƙoƙi har littafi biyu na cika amma muryata wallahi ko ni ba ta yi mani daɗi. Ana iya cin abinci da rubutun kawai?
Daga wani ɗalibi, Tsafe

AMSA: Ƙanena ka ba ni dariya, amma tambayarka ta fi ta kowa nauyi. A can ana ci, har a yi gida. Ka ga Bob McDill ɗin da na ambata a sama, shi ma ɗan Teksas ne, ba a san shi da hawa dandali ba, ofis yake zuwa da safe kamar ma'aikacin sakatariya ya zauna da takarda da jita har yamma, burinsa ya gama waƙa ɗaya a sati, a haka ya tara 31 da suka kai lamba ɗaya kafin ya yi ritaya a 2000, kuma a 2023 shi ma aka sa shi a wancan zauren. Yadda abin yake, kamfani ne ke ɗaukar marubuci yana ba shi ɗan kuɗin kashewa a matsayin bashi, a rera waƙar a sauƙaƙe a naɗa, a yi ta kai wa mawaƙa talla, in wani ya ɗauka ta fita sai kamfani ya cire bashinsa a raba sauran, sannan akwai ƙungiyoyi irin su BMI da ASCAP da aikinsu kawai bin gidajen rediyo da talabijin su karɓo wa marubuta kuɗinsu.

A nan gida kuwa al'adarmu daban ce, makaɗi shi ne mai waƙa, ko 'yan amshi sun yi ƙari a ciki sunan ubangidan ake kira, ka duba ko waƙoƙin Dankwairo wa ke tambayar wane ɗan amshi ya kawo wane ɗa. Wannan tunanin ya biyo mu har situdiyo, shi ya sa yaro zai ba da baitocinsa a ba shi na kati, waƙa ta fashe a TikTok ba sunansa ko'ina. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta san da marubuci, matsalar ita ce shaida. Don haka kafin ka miƙa wa kowa littafin nan, ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa kanka ta imel don kwanan wata ya zauna, in za ka ba mawaƙi ku rubuta a takarda nawa ne, sayarwa ce gaba ɗaya ko da kaso, kuma za a sa sunanka ko ba za a sa ba, mutum biyu su sa hannu. Kuma dan Allah kar ka bar makaranta tukuna. Ka turo min baiti biyu ko uku in gani, muryar kuma ka bar ta a gida.