Wane fasalin fiffike zan yanka wa jirgina na farko?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Garwa, ina haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot da farar kumfar da ake kunshe firij. Na ga sunayen fasalin fiffike a intanet, Clark Y, NACA 2412, NACA 0012, har kaina ya ɗaure. Abokina kuma ya ce in kwaikwayi na jirgin yaƙi don ya yi gudu. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ɗauki Clark Y. Fiffiken jirgin yaƙi siriri ne mai kaifin baki, ba ya ɗaukar nauyi sai da gudu mai tsanani, kai kuwa jirgin da zai yi maka haƙuri kake buƙata.

Fasalin da ake magana shi ne siffar da za ka gani in ka yanka fiffike kamar burodi ka dubi bakin yankan. Wani Ba'amurke, Virginius Clark, shi ya zana Clark Y a 1922. Kaurinsa kashi 11.7 cikin 100 ne na faɗin fiffike, wato in faɗin ya kai santimita 20, kauri zai yi kusan 2.3. Abin da ya sa nake son sa shi ne cikinsa shimfiɗe yake tun daga kashi 30 har baya. Sai ka kwantar da shi kan teburi ka manna, ba ya murɗewa. Na sha ganin yara sun zaɓi fasali mai babban suna, amma fiffiken dama ya karkace kaɗan, jirgi na barin hannu sai ya juya ya daki ƙasa. Wannan yana min ciwo, don na san wahalar tara kuɗin inji da batir.

Lambobin NACA, wato tsohuwar hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, ba su da wuya. A 2412, 2 na nufin lanƙwasa kashi 2, 4 na nuna tana a kashi 40 daga gaba, 12 kuma kauri ne. Shi 0012 ba lanƙwasa, sama da ƙasa ɗaya, na masu alkafura ne da tashi a kife. Bar shi sai jirgi na uku.

Akwai lissafin da ake kira lambar Reynolds: gudu a mita cikin daƙiƙa, sau faɗin fiffike a mita, sau wajen 68,000. Jirginka a gudun mita 10 da faɗin santimita 20 zai ba da 136,000, manyan jirage kuwa miliyoyi suke yi. In lambar ta faɗi ƙasa da 100,000, iska kan saki bayan fiffike mai kauri tun kafin ta kai ƙarshe, ɗagawa ta ragu. Don haka kada ka tsuke faɗin don neman kyau. Ga kuma zafin Garwa: a watan Afirilu, da digiri 40, iska ta fi ta digiri 15 da littattafai ke lissafi da ita sauƙi da kusan kashi 8. Ka ƙara faɗi, ka rage nauyi, ka yi gwaji da sassafe kafin iska ta taso.

Tambaya: Malam, daga Injamena nake. Sai na yi odar katakon balsa, mara nauyin nan da ake haɗa ƙananan jirage da shi, daga waje?

Amsa: A'a, ajiye sefarka don batir. Kumfa ta isa. Zana fasalin a kan siririn katako guda biyu, ka manna su a gefe da gefen kumfar, ka bi su da wayar rishon lantarki mai zafi don ta yanka kumfar. A tsakiya ka saka ƙashin baya na gora ko tukurwa busasshiya. Gam mai ƙamshin fetur yana cinye kumfa, yi amfani da farin gam na kafinta. Kada ka lulluɓe da baƙin salatif, ranarmu za ta lanƙwasa fiffiken.

In ka gama, ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kashi 25 zuwa 30 na faɗinsa daga gaba. Ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ta rinjaya, matsar da batir gaba. Ku biyun duka, ku nemi izinin hukuma kafin tashi, ku kuma yi nesa da filin jirgi da barikin soja, domin a yankinmu ba a wasa da abin da ke shawagi a sama.